Amanar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya: fashin baƙi kan George da Lennie

Da hantsin wata Juma'a wasu leburori biyu suka iso wani gandun sha'ir kusa da garin Soledad a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma a makare suka iso. Ɗaya ɗan firit ne, mai kaifin ido da kaifin baki. Ɗayan gabjejen ƙato ne, yana tafe yana jan ƙafa, hannuwa a sake. Mai gandun ya zaro littafinsa zai rubuta sunayensu, sai ya lura duk tambayar da ya jefa wa ƙaton, ƙaramin ne ke cafewa ya amsa. Nan take zargi ya shige shi. Ya dubi ƙaramin ya tambaye shi ko dai albashin wannan bawan Allah yake karɓewa ne, don shi tun da yake bai taɓa ganin mutum ya ɗauki wahalar wani haka siddan ba.

Ƙaramin, George Milton, sai ya shara ƙarya. Ya ce ƙaton, Lennie Small, ɗan'uwansa ne na jini, kuma doki ne ya harbe shi a ka tun yana yaro. Ko ɗaya babu gaskiya a ciki. Amma ƙaryar ta fi saurin shiga kunnen mai gandun, domin a duniyar da suke ciki ana iya gane a riƙe mutum saboda jini, ana iya gane a riƙe shi don a ci da guminsa, abin da ba a ganewa shi ne a riƙe shi ba don ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Wannan labari yana cikin ɗan ƙaramin littafin nan mai suna Of Mice and Men, wanda John Steinbeck ya fitar a 1937. Babi shida ne kacal, kuma duk abin da ya auku a ciki bai wuce daga yammacin Alhamis zuwa yammacin Lahadi ba. Steinbeck ɗan yankin ne. A Salinas aka haife shi a 1902, kuma da ƙuruciyarsa ya yi ƙodago tare da irin waɗannan leburori a gonakin kamfanin sukari na Spreckels, saboda haka ba labarin kanzon kurege yake bayarwa ba. Sunan littafin daga wata waƙa ya ɗauko shi, wadda Robert Burns na ƙasar Sikotland ya rubuta a 1785, kan manomin da garmarsa ta rushe gidan ɓera ana gab da shiga sanyi: duk tsarin da ɓera ko mutum ya yi, yana iya wargajewa a rana ɗaya.

Lokacin da littafin ya fito, Amurka na cikin mummunan karayar tattalin arzikin da ta faro a watan Oktoban 1929. A 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi. Manyan gonakin Kalifoniya sun dogara ne da 'yan ci-rani, mazan da ke yawo da ƙunshin bargo a baya, su yi girbi nan wata ɗaya, su karɓi sallama, su nausa gaba. Ba iyali, ba gida, ba wanda ya san inda suka kwana jiya. Dala 50 ake ba su a wata, da abinci da gadon kwana a ɗakin leburori. In wata ya ƙare, akasarinsu gari suke shiga su ƙarar da kuɗin a gidan giya da gidan karuwai, Litinin su dawo aljihu wayam. Irin wannan rayuwa ba ta son abokin tafiya, domin abokin tafiya nauyi ne. Shi ya sa ba mai gandun kaɗai ya yi mamaki ba. Slim, mai kora alfadarai wanda kowa ke ganin girmansa a gandun, shi ma sai da ya ce da wuya ka ga mutum biyu suna yawo tare, kamar kowa a duniyar nan tsoron kowa yake ji.

To yaya aka yi George ya ɗauko wannan kaya? Slim ne kaɗai ya ji gaskiyar, da yammacin Juma'ar nan suna zaune a ɗakin kwana. Garinsu ɗaya da Lennie, wato Auburn. Gwaggon Lennie mai suna Clara ce ta rene shi, da ta rasu sai ya riƙa bin George wurin aiki, a hankali suka saba. George bai ɓoye ba cewa da farko ba tausayi ne ya haɗa su ba. Abin wasa ya mai da Lennie, yana yi masa mugun wasa don ya ji shi ma mai wayo ne, har dukansa yakan yi, ƙaton da zai iya karya shi da hannu ɗaya bai taɓa ɗaga masa yatsa ba. Wata rana suna tsaye a bakin kogin Sacramento cikin mutane, George ya ce masa ya faɗa ruwa. Lennie ya faɗa, alhali ko kusa bai iya iyo ba. Da ƙyar aka tsamo shi. Abin da ya karya wa George gwiwa shi ne, da Lennie ya farfaɗo sai ya shiga yi masa godiya don ya cece shi, ya manta sarai wanda ya ce ya faɗa.

Daga ranar George bai sake ba. A ganina a nan ne ginshiƙin littafin yake, kuma masu karatu da yawa sukan wuce wurin da sauri. Riƙon da George ke yi wa Lennie ba daga kirki ya tsiro ba, daga kunya ya tsiro. Ya gane cewa akwai mutumin da maganarsa ta zame wa doka, wanda in ya ce masa mutu zai mutu yana murmushi. Wanda ya gane yana da irin wannan iko a kan wani, ko dai ya ci gaba da cin zalinsa, ko ya gudu ya bar shi, ko ya karɓi abin a matsayin amana. George ya zaɓi na ukun, ba tare da wani ya ɗora masa ba, ba tare kuma da ya san iyakar nauyin abin ba.

Steinbeck bai yi wa wannan riƙo kwalliya ba. Tun a babin farko, a bakin wani tafki na kogin Salinas inda suka kwana, an nuna mana yadda yini guda yake da Lennie. Ya kifa kai yana ɗaɗɗakar ruwan da ba ya gudu, sai an ce masa ya bari kada cikinsa ya ɓaci. Ya manta inda za su, sai an maimaita masa. Yana laluben aljihu hankali tashe wai ya yar da katin aikinsa, alhali George bai taɓa yarda ya ba shi katin ya riƙe ba. Sannan ga mataccen ɓera a aljihunsa yana shafawa da babban yatsa, domin Lennie yana son taɓa abu mai laushi, kuma bai san ƙarfin hannunsa ba, duk ɓeran da ya shafa sai ya mutu. George ya karɓe ya wurgar. Aka aike shi neman itace, ya lallaɓa ya ɗauko abinsa, aka sake karɓewa. Da suka zauna cin waken gwangwani, Lennie ya ce shi ya fi son wake da miyar tumatir ta kwalba, abin da ya san ba su da shi.

Nan George ya fashe. Ya zayyana irin daɗin da zai ji in da shi kaɗai ne: ya riƙe aiki ba mai sa a kore shi, wata ya ƙare ya karɓi dala hamsin ɗinsa ya shiga gari, ya ci abin da ransa ke so, ya sha ya bugu, ya kwana inda ya ga dama. Ya ce Lennie ya zame masa ƙarfen ƙafa. Duk wanda ya taɓa jinyar wani na tsawon shekaru ya san wannan fashewar, ya kuma san nadamar da ke biyo bayanta tun kafin a rufe baki. Abin sha'awa shi ne Lennie ba kurma ba ne a nan. Ya san lagon abokinsa. Sai ya marairaice ya ce in ba a son shi, zai hau duwatsu ya nemi kogo ya zauna shi kaɗai, inda ba mai ƙwace masa ɓera. Ya san George ba zai iya jin wannan ba. Nan da nan kuwa George ya sauko, har da alkawarin samo masa kwikwiyo.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ake yawan yi: shin wannan abota ce, ko kuwa reno ne kawai? Masu cewa reno ne suna da hujja, domin ba a daidai suke ba. George ke tunani, shi ke magana, shi ke yanke hukunci. Amma in ka duba abin da George ke samu, za ka ga cinikin ba gefe ɗaya yake ba. Ya faɗa wa Slim da bakinsa cewa ya ga yadda masu yawo su kaɗai suke komawa: zuciyarsu ta bushe, su zama masu neman faɗa. Lennie ne ya hana shi zama haka. Akwai wanda yake jiran sa, akwai wanda in ya yi magana yake saurare baki buɗe. Kuma akwai tatsuniyar nan da yake yi masa kusan kullum, har Lennie ya haddace ta yana ƙarasa masa jimloli: wata rana za su sami 'yar gonarsu, da saniya da aladu da kaji, da murhu a ɗaki in ana ruwa su ƙi fita aiki, Lennie kuma shi ne mai kiwon zomaye. George yana yi kamar don Lennie yake faɗa. Amma shi kaɗai ba zai taɓa iya faɗa wa kansa wannan labari ba tare da ya ji kunya ba. Yana bukatar mai gaskatawa ɗari bisa ɗari kafin shi ma ya ɗan gaskata.

Gonar kuwa akwai ta. Eka goma ce, George ya san inda take, kuma dala 600 ake nema. Yi lissafi da kanka: su biyu suna samun dala 100 a wata, in da za su iya ƙulle baki da aljihu, wata shida ya ishe su. Amma ranar da suka iso gandun dala 10 ce gare su, su biyun. Wannan tazara tsakanin 10 da 600 ita ce tarihin rayuwarsu, domin ba su taɓa daɗewa a wuri ɗaya ba balle su tara. Wani abu kuma da George ya ambata a gurguje: tsofaffin da ke da gonar sun talauce ne, matar na bukatar a yi mata tiyata, shi ya sa za su sayar da araha. Ko mafarkin talaka, a kan faɗuwar wani talakan yake tsaye.

Wanda ya kusa mai da mafarkin gaskiya shi ne tsoho Candy, mai sharar ɗakin kwana. Shekara huɗu da suka wuce ya rasa hannu ɗaya a gandun, aka ba shi diyyar dala 250, ya tara 50, yana kuma jiran wasu 50 a ƙarshen wata. A daren Juma'ar nan aka kashe masa kare. Karen ya tsufa, ya makance, ba haƙori, yana wari, wani lebura mai suna Carlson ya matsa a kan a harbe shi a huta, yana nuna daidai wurin da zai sa bakin bindiga a ƙeya yadda dabbar ba za ta ji komai ba. Candy ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman mai goya masa baya, bai samu ba, har Slim ya ce gara a yi. Aka ja karen waje. Aka yi tsit a ɗakin, wani na ƙoƙarin raba karta, har ƙarar ta zo daga nesa, tsohon ya juya fuska ga bango. Candy ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: ranar da ya kasa riƙe tsintsiya, shi ma waje za a yi da shi. Shi ya sa da ya ji George na ba Lennie labarin gona, ya miƙa dala 350 ɗinsa duka, har da alkawarin zai rubuta wasiyya ya bar musu kasonsa. Da nasu 100 na ƙarshen wata, ya zama 450, kuma George na ganin tsofaffin za su karɓa a biya sauran daga baya. Su ukun suka yi shiru, domin abin da suke faɗa don rage dare ya zo har bakin ƙofa. Wata ɗaya kawai ya rage.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi wa George hisabi, ba a kan abin da ya yi ranar Lahadi ba. George ya san abin da ya kore su daga garin Weed a arewacin jihar. Lennie ya ga yarinya da jar riga, ya kai hannu ya taɓa rigar, ta ƙwalla ihu, shi kuma in ya tsorata ƙanƙamewa yake yi, sai da George ya maka masa katako a ka kafin ya saki. Yarinyar ta ce fyaɗe aka yi mata, mutanen gari suka fito neman su, suka yini a cikin magudanar ban-ruwa, kai kawai a waje, da dare suka sulale. Da wannan a ransa ya iso sabon gandu, kuma cikin sa'a guda ya ga duk alamun da ake bukata. Ga Curley, ɗan mai gandu, ɗan dambe gajere mai jin haushin duk wanda ya fi shi girman jiki. Ga amaryar Curley, mako biyu da aure, tana leƙowa ɗakin leburori da jan baki da jan farce wai tana neman mijinta, Lennie ya saki baki yana kallo. Lennie da kansa, wanda ake cewa ba ya gane komai, ya ce wa George wurin nan ba shi da kyau, su tafi. George ya ce shi ma ba ya son wurin, amma dole su zauna sai sun ɗan tara abin tafiya.

Ya sani ke nan. Hasali ma tun daren Alhamis ya sa Lennie ya haddace cewa in wani abu ya faru, ya gudo bakin tafkin nan ya ɓuya a cikin kurmi. Mutum ba ya shirya mafaka sai yana sa ran gudu. Amma kafin a ɗora masa laifi duka, a tambaya: su tafi ina, da dala 10, a shekarun da mutum ɗari ke layi kan aiki ɗaya? Wahala a littafin nan ba ado ba ce da aka rataya a bayan labari. Ita ce take rage wa mutum zaɓi har sai ya ga haɗari da idonsa ya kuma zauna a cikinsa. Mai hali zai ɗauke nasa ya bar wurin a ranar. George sai ya yi caca da wata ɗaya, kuma da kuɗin Candy suka shigo, cacar ta ƙara zaƙi. A daren Juma'ar ne ma Curley ya far wa Lennie da naushi, ƙaton yana kuka yana kare fuska bai rama ba, har sai da George ya daka masa tsawa ya ce ya kama shi. Lennie ya cafke hannun Curley ya murƙushe ƙasusuwan. Slim ya rufe maganar, ya sa Curley ya yarda zai ce inji ne ya kama shi, in ba haka ba a mai da shi abin dariya. Aka ce an tsira. Amma yanzu akwai ɗan mai gida da ke kwana da ƙullin Lennie a zuciya, kuma har yanzu ba su tafi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: mai riƙon amana shi ma mutum ne, yana gajiya. Daren Asabar George ya bi sauran leburori gari ya bar Lennie. Ranar Lahadi da rana yana waje ana wasan jifa da ƙarfen kofaton doki. Sau biyu ke nan kacal da ya ɗauke ido a cikin littafin, kuma ba wanda zai ce bai cancanci hutun ba. Sai dai babu mai karɓarsa. A gandun da ke cike da maza, babu tsarin da zai ce in George ya fita wani ya duba Lennie.

Daren Asabar ɗin ne Lennie ya faɗa ɗakin Crooks, baƙar fata ɗaya tilo a gandun, mai kula da barga, wanda doki ya karya wa baya. Ba a barin sa shiga ɗakin kwanan fararen fata, shi kaɗai yake kwana a jikin barga da 'yan littattafansa, ciki har da tsohon kundin dokokin Kalifoniya na 1905. Da ya ga mutumin da ya fi shi rauni, sai ya ɗana masa abin da shi yake sha: ya ce a ƙaddara George bai dawo ba fa? A ƙaddara ya ji rauni, ko ya gudu? Ya ce za a kai Lennie gidan mahaukata a ɗaure shi kamar kare. Sai da ya ga idon ƙaton ya canja ya ja da baya, ya ce shi ba mugunta yake nufi ba, kansa yake faɗa, domin mutum in ba shi da wanda zai yi wa magana haukacewa yake yi. Crooks ya ce ya ga ɗaruruwan leburori kowanne da 'yar gona a cikin kansa, bai ga wanda ya samu ba. Amma da Candy ya shigo ɗakin, Crooks ya ji kuɗi na hannu, shi ma sai ya sassauta murya ya ce ko za su so mai taya su aiki kyauta. Minti kaɗan bayan haka matar Curley ta shigo, ya yi ƙarfin halin cewa ta fita, ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi a bishiya. Crooks ya shige cikin kansa, ya ce wa Candy a manta da maganarsa. Abotar George da Lennie kamar wuta ce a daren sanyi, duk wanda ya gan ta sai ya matso, amma ba ta da girman da za ta ɗumama kowa.

Matar Curley fa? Steinbeck ko suna bai ba ta ba, kuma leburorin ba su da wata kalma mai daɗi a kanta. George ma tun ganin farko ya yanke mata hukuncin tarko ce. Amma ranar Lahadi, da ta tarar da Lennie a ɗakin harawa yana jimamin kwikwiyon da ya kashe garin wasa, sai muka ji nata labarin. Yarinya ce da wani ya taɓa yi wa alkawarin sa ta a fim, ta yi ta jiran wasiƙa ba ta zo ba, ta zargi uwarta da ɓoyewa, ta auri Curley don ta bar gida, ga shi ba ta ƙaunarsa. Ita ma mai saurare take nema. Da Lennie ya ce yana son abu mai laushi, ta ce ya taɓa gashinta. Ya shafa da ƙarfi, ta ce ya bari, ya ƙanƙame, ta yi ihu, ya toshe mata baki don kada George ya ji ya hana shi kiwon zomaye, ya girgiza ta, wuyanta ya karye. Mai karatu da ya shaƙu da Lennie yakan yi saurin tsallake gawar nan ya koma tausayin abokan biyu. Bai kamata ba. Riƙon da George ya yi wa Lennie shi kaɗai, yana ɓoye abin da ya faru a Weed don kada su rasa aiki, wata ce ta biya kuɗinsa da ranta, kuma ba wanda ya taɓa gargaɗinta.

Da Candy ya nuna masa gawar, George bai yi ihu ba. Ya ce yana jin tun farko ya san ba za su taɓa samun gonar ba, Lennie ne ke son jin labarin har shi ma ya fara ɗauka gaskiya ne. Candy ya tambaya ko su biyu za su iya ci gaba. Lissafin kuɗi bai canja sosai ba, amma George ko amsawa bai yi ba. Ya ce zai ƙarasa watansa, ya karɓi dala hamsin, ya je ya kwana a gidan karuwai. Rayuwar da ya yi ta cewa yana kwaɗayi a daren Alhamis ce ta zo masa, kuma yanzu da sigar hukunci ta zo.

Saura tambaya mai wuya. George ya sace bindigar Carlson, ya riga mutane isa bakin tafki, ya zaunar da Lennie ya ce ya dubi tsallaken kogi, ya tabbatar masa ba ya fushi da shi kuma bai taɓa yi ba, ya fara ba shi labarin gona, hannunsa na rawa, ya harbe shi a ƙeya. Bindiga ɗaya da ta kashe karen, wuri ɗaya. Tun daren Juma'a Candy ya ce masa da ya sani shi da kansa ya harbe karensa, bai bar bare ya yi ba. Steinbeck ya jera komai don mai karatu ya ce jinƙai ne, Slim ma ya kama hannun George ya ce masa dole ce ta sa.

Ni ban yarda a haɗiye wannan da sauƙi ba. Lennie ba kare ba ne, kuma ba a tambaye shi ba. Abin da za a iya cewa don kare George shi ne ya nemi wata hanya kafin ya yi harbin. Ya tambayi Slim ko za a iya kama Lennie a kulle shi kawai. Amsar ita ce Curley ya riga ya rantse a ciki zai harbe shi don ya sha azaba, kuma ko an tsallake Curley, abin da ke jira shi ne a ɗaure shi a keji. Wannan ba zuƙi ta malle ba ce. Kalifoniya tana da doka tun 1909 da ta ba gidajen masu taɓin hankali da masu naƙasar ƙwaƙwalwa damar yi wa mutane aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma kafin a soke ta a 1979 an yi wa kimanin mutum 20,000. Steinbeck da kansa ya gaya wa 'yan jarida a 1937 cewa Lennie mutum ne na gaske da suka yi aiki tare, wanda ya kashe mai kula da leburori a wani gandu saboda ya kori abokinsa, kuma a lokacin yana tsare a gidan mahaukata a jihar. Marubucin ya san ƙofar da ya rufe wa George. Gaba kura, baya siyaki. Duk da haka, a ce babu zaɓi mai kyau daban ne da a ce abin da aka zaɓa mai kyau ne, kuma George da kansa bai yi kama da wanda ya gamsu ba. Da mutane suka iso, Carlson ya ƙaddara cewa Lennie ne ya saci bindigar George ya ƙwace, George kuwa ya bi shi da to, murya ba ta fita. Ba wanda zai kai shi kotu. Mutuwar lebura irin Lennie ba ta isa a buɗe fayil ba.

Sunan Lennie kuwa sai da ya shiga kotu, bayan shekaru kusan saba'in. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta hana zartar da hukuncin kisa kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa, amma ta bar wa jihohi su tantance su wane ne ke cikin wannan rukuni. A 2004 babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta jihar Teksas, tana neman ma'auni, ta kawo Lennie a matsayin misalin wanda akasarin mutanen jihar za su yarda a ɗaga wa ƙafa. Masu suka suka ce wannan na nufin duk wanda bai kai Lennie rauni ba ana iya kashe shi, ko da likitoci sun tabbatar da naƙasarsa. Thomas, ɗan Steinbeck, ya fito a 2012 ya nuna ɓacin ransa cewa an ɗauki mutumin da mahaifinsa ya ƙirƙira a labari ana auna wanda zai rayu da shi. A 2017 Kotun Ƙolin ta yi watsi da ma'aunin na Teksas, ta ce a koma ga abin da binciken likitoci ya nuna.